Askin Osaka

Tun ranar da na sauka daga jirgi ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna shan shayin ataya a bes ɗinmu, wato majalisarmu, a tare ni, har Hajiya mai koko ta ƙi zuba mini sai na faɗa mata ko da gaske ɗanyen kifi mutanen Japan suke ci. Tambaya biyu ce ta fi yawa: ina hoton da na ɗauka gaban zanena ranar buɗe biki, kuma wane mara imani ne ya yi mini wannan aski. Abokina Mutawakilu cewa ya yi, "Cale, mutumina, faɗi gaskiya, Japan ka je ko nan Kasoa bayan Accra ka ɓuya?" To na gaji da ba da labarin guntu-guntu. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Sunana Awudu, amma a unguwarmu Nima, nan Accra, in ka kira Awudu rabin layi ne zai waiwayo, don haka Awudu Penta ake ce mini. Allon shago nake zanawa tun ina saurayi. Kawunan da kuke gani a ƙofar masu aski daga Maamobi har Sabon Zongo, da akuyar da ke dariya a bangon masu tuwo, da rubutun bayan trotro, motocin hayarmu, da yawansu hannuna ne. Yanzu kuma ga yaran zamani masu fesa fenti da gwangwani. Su ake kira masu fasaha, ni kuwa Baba Sainbod suke ce mini, wato tsoho mai allon shago. Nakan yi dariya in sun faɗa, amma wallahi abin yana ci mini rai.

Wata mata 'yar Japan, Madam Keiko, ita ce sanadi. Ta zo kallon bikin zanen bango a Accra, wani direban tasi ya ratso da ita Nima, ta ga kawunan da na zana a shagon wani mai aski, ta sa aka nemo ni. Mun yi hira da Turanci, nata a karye nawa a karye, ta tafi, na manta da ita. Sai ga saƙo an gayyace ni bikin zanen titi a Osaka. Matata, Maman Zainabu, ta rantse 'yan damfara ne. Sai da ta ga biza a cikin fasfo da idonta sannan ta fara soya mini shito, yajin nan namu mai mai, na guzuri.

Abin da na ƙudurta tun daga gida guda ɗaya ne. Ina so ranar buɗe biki in tsaya gaban zanena, manyan mutane na kewaye da ni, a ɗauki hoto, in kawo wa yaran nan su gani. Saboda hoton nan na ɗinka sabon batakari, rigar saƙin nan tamu.

Daga gidanmu zuwa filin jirgi tafiyar ƙafa ce ga mai ƙarfin hali, amma sai da aka cika tasi uku don raka ni. Mun yada zango a Dubai, inda na yi ta bin wani ɗan Senegal a baya don na ɗauka ya san hanya, ashe shi ma ni yake bi. Zaman jirgi na biyu kuwa har ƙafafuna suka kumbura. Na yi barci, na farka, na ci, na sake barci, na leƙa taga, har yanzu muna sama.

A filin jirgin Osaka wani ɗan ƙaramin kare mai riga ya zo ya zauna gefen jakata, ya zuba mini ido. Ma'aikaciyar kwastan ta rusuna ta roƙe ni in buɗe. Kilishin da surukina ya aiko mini daga Yamai shi karen ya jiyo. Ashe ba a shiga ƙasar da nama. Ta karɓe, ta ba ni haƙuri, ta sake rusunawa, ta sake ba ni haƙuri, har na ji kamar ni ne na ƙwace mata kaya. Shito ta buɗe ta shaƙa, ta yi atishawa, ta kira wani ya duba, suka bar mini. Garin rogo da man kaɗanya ma sun tsira. Na yi wa karen nan kallon da ya dace da shi na wuce.

Madam Keiko na jirana a waje, muka shiga jirgin ƙasa. Jama'a, mutane cike har ƙofa, amma ko tari babu. Babu mai wa'azi, babu mai tallar maganin basir, babu yaron mota mai ihun sunan tasha, Circle, Circle. Wayata ta yi ƙara, Maman Zainabu ce, na ɗauka na yi sallama da muryar da Allah ya ba ni. Ba wanda ya ce mini komai, ba wanda ma ya kalle ni, amma na ji kunyar a bayan wuyana. Madam Keiko ta raɗa mini cewa ba a amsa waya a cikin jirgi. Na kashe, kuma har yau ina biyan bashin kashe wa matata waya da na yi.

Masauki wani tsohon gida ne na katako da aka ware wa baƙin biki. Cire takalmi a ƙofa bai dame ni ba, mun saba a masallaci. Abin da ya ruɗa ni shi ne silifas na ɗaki daban, na bayi daban, kuma sau biyu ina fitowa falo da na bayi a ƙafata. Butar da na ɗauko tun daga Nima ba ta yi aiki sosai ba, don bayin nasu shi da kansa yake yi maka tsarki in ka danna wurin da ya dace. In ka danna wanda bai dace ba kuma, za ka fito da jiƙaƙƙen wando. Sallar farko na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro. Wani ɗan Indunusiya da muke ɗaki ɗaya ya jira na sallame, ya ce mini cikin ladabi na ba wa Makka baya. A can alƙibla yamma take. Na rama, na ce lallai na yi nisa da gida.

Abinci kuwa Allah ya rufa asiri. Shinkafarsu mai danƙo ce, ana dunƙula ta da kifi a ciki, in na shafa mata shito sai ta kusa zama abinci. Akwai taliya mai kauri a romon kifi, ita na fi so. Kowane kwano sai na sa an tambayar mini ko da alade ko giya a ciki, kuma ba wanda ya taɓa nuna gajiya. Ɗanyen kifin ma gaskiya ne, Hajiya. Na ci yanka ɗaya don kar a ce na yi rashin kunya, na bi shi da ruwa. Tsinken cin abincin nan guda biyu kuwa na bar musu kayansu, na nemi cokali.

Wurin bikin wani dogon layin kasuwa ne mai rufi, a tsohuwar unguwa. Shagunan suna da ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama, irin ta shagunan Tudu a Accra, sai dai fiye da rabi a rufe suke. Madam Keiko ta ce masu shagon sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi aikin ofis, layin ya mutu. Shi ya sa ake kawo masu zane su yi wa rufaffun ƙofofin ado, ko mutane za su dawo yawo a wurin. A can ba ka taɓa bangon mutum sai da izini a rubuce. A Nima ka gai da mai gida ka miƙa masa goro, shi ke nan bango ya zama naka. Nan kuwa har hular kwano aka ba ni don zan hau tsani mai taki huɗu.

Maƙwabtana a layin gwanaye ne, ban raina musu ba. Wata 'yar ƙasar ta zana kifi ja wanda ya cinye ƙofa uku. Wani ɗan Brazil ya yi fuskar mace da ganyaye a maimakon gashi. Ni da aka nuna mini tawa ƙofar, tambayar da nake yi wa kowa ita na yi: me ake sayarwa a ciki? Aka ce ba komai, a rufe yake. Na ce to da fa? Aka ce aski. Na ce Allahu akbar, an kawo ni gida.

Na tambayi mai shagon don in gaishe shi kafin in fara. Aka ce wani tsoho ne, Baba Hayashi, a saman shagon yake zaune, ba ya son baƙi, kuma 'yarsa da ke Tokyo ce ta ba da izini a madadinsa. Na bar maganar na kama aiki.

Ni dai yadda na iya aiki ke nan: allon aski sai da kawuna, kuma kawunan 'yan unguwa nake zanawa, don mutum in ya ga maƙwabcinsa a allo ya fi yarda da shagon. Akwai wasu tsofaffi uku da ke zama a benci daura da ni kullum, ba sa magana sosai, suna dai kallon masu wucewa. Ɗaya mai sanƙo da tabarau, ɗaya mai farin gashi a tsaye kamar buroshi, ɗaya mai manyan kunnuwa. Na zana su ta gefe, na yi wa kowa aski mai kyau, na rage musu shekaru kaɗan kamar yadda ake yi. Na ƙara almakashi da aska da sandar nan mai ja da fari da shuɗi. Sannan na roƙi wani ma'aikacin biki ya rubuta mini "aski" da "sannu da zuwa" da rubutunsu, na kwafa da manyan baƙaƙe. Ba sai na iya karantawa ba, na sha rubuta yaren Ga da Faransanci ban san me na rubuta ba.

Abin da ya dame ni lokacin aikin shi ne shiru. A gida in kana zane, mai wucewa zai ce hancin ya karkace, mai gyaɗa ta ce kunnen ya yi girma, a yi ta musu a kanka har ka gama. A can kowa sai ya tsaya daga nesa, ya ɗan rusuna, ya wuce. Tsofaffin nan ne kawai suka taso ranar da na gama kawunan. Mai kunnuwa ya nuna hoton, ya nuna kansa, suka yi ta dariya har mai tabarau ya cire tabaran yana share ido.

Washegari na iso na tarar da mutum biyu a ƙofar suna danna ƙararrawar Baba Hayashi. Sun ga allo, sun ɗauka an sake buɗe shago. Kafin azahar wasu sun zo, har da wata mata da ta riƙo mijinta a hannu. Na tsaya riƙe da buroshi ina jin daɗi, don a wurinmu allon da ya kira mutane shi ne allo. Sai na ji takun sauka daga bene. Wani ɗan siririn tsoho ya fito ta ƙaramar ƙofar gefe, ya dubi zanen, ya dube ni, ya buɗe wuta. Ban ji kalma ɗaya ba, amma faɗa ba ya bukatar tafinta. Shi ne mutum na farko da ya ɗaga mini murya tun da na shiga ƙasar, kuma in faɗa muku gaskiya, sai da na ji kewar gida.

Madam Keiko ta zo da gudu, ta yi ta rusunawa har ya koma sama. Sannan ta ja ni gefe ta yi mini bayani. Shi da matarsa suka riƙe shagon tun suna matasa, shi yana aski, ita tana wanke kai tana hira da mutane. Makon da ta rasu ya sauke ƙofar, shekaru ke nan bai ɗaga ba. Ya yarda da zane ne don ya ɗauka fure ko kifi za a yi. Ta ce dokar biki ita ce in mai ƙofa ya ƙi zane, za a shafe shi da fenti ruwan toka kafin ranar buɗewa, kuma ya ce a shafe.

Na tuna tasi uku, na tuna batakari, na tuna yaran gwangwani da abin da za su ce. Bayan wannan kuma na ji nauyin tsohon, don na taɓa masa ciwo ban sani ba.

Na ce mata ina so in je in ba shi haƙuri. Ta ce za su rubuta masa takarda daga ofis. Na ce a Zongo ba haka ake yi ba. In ka ɓata wa babba rai ba ka zuwa kai kaɗai, ba ka kuma aika takarda, sai ka nemi sa'o'insa su shige maka gaba su roƙa maka. Ta ce a nan ba a taruwa a hau wa mutum gida haka. Na ce ta dai tambayar mini tsofaffin benci. Ta je. Mai sanƙo ya miƙe tun ba ta gama magana ba, ashe tare suka yi makaranta da Baba Hayashi, kuma tun rasuwar ba su taka benen ba don kar su takura masa.

Muka hau mu biyar, ni a baya, riƙe da man kaɗanyar da na kawo tsaraba. Ya buɗe, ya ga abokansa, bai iya rufewa ba. Ɗakin tsaf, ga hoton matar a kan wani ɗan teburi da fure a gabansa. Na durƙusa kamar yadda ake yi wa uba, na ce Baba na yi kuskure, baƙo ne ni, ƙofarka ce, abin da ka ce shi za a yi. Madam Keiko ta fassara. Bai dube ni ba. Kan abokansa yake kallo, ɗaya bayan ɗaya, yana ɓata fuska. Can ya miƙa hannu ya juya kan mai farin gashi ya duba ƙeyarsa, ya yi wata magana a taƙaice. Madam Keiko ta ce tambaya yake wa ya yi masa wannan ɓarna.

Mai farin gashi ya ce shagon askin sauri na tashar jirgi. Ya ƙara da cewa, "Ka rufe. Ina kake so mu je?"

Baba Hayashi ya zuba mana shayi, muka sha, ya karɓi man kaɗanyar da hannu biyu ya ajiye, ya raka mu bakin bene. Bai ce a bar zanen ba, bai ce ya fasa shafewa ba. Na tambayi Madam Keiko me wannan ke nufi, ta ce ita ma ba ta sani ba. Kwanakin da suka rage kullum sai na je da sassafe in duba. Zanen na nan, amma gwangwanin fenti ruwan toka ma yana nan a ofishin biki, na gan shi da idona.

Ranar buɗewa na sa batakari da hula. Aka taru a bakin layi, manyan unguwa da 'yan jarida da 'yan makaranta, aka yi jawabai, aka fara bi ƙofa ƙofa. Kowane mai zane ya tsaya gaban aikinsa, a tafa masa, a ɗauki hoto. Aka yi wa mai kifi, aka yi wa ɗan Brazil. Ni ina baya ina leƙe ta saman kawunan mutane, ina neman jan fentin da na yi wa bangon kawunan. Ban gan shi ba. Na ce inna lillahi, sun shafe.

Da na kutsa gaba sai na ga ba ruwan toka ba ne. Ƙofar ce gaba ɗaya babu, an naɗe ta sama, zanena na cikinta a dunƙule a saman shagon. A wurinta ga gilashi an goge, ga fitila a kunne, sandar nan mai launi uku tana juyawa. Baba Hayashi na ciki da farar riga, almakashi a hannu, mai farin gashi na kan kujera, sauran biyun na zaune suna jiran layi har da mai sanƙon, wanda ban san me za a aske masa ba.

Masu biki suka ruɗe, don takardarsu ta ce a nan akwai zanen baƙo daga Ghana. Madam Keiko ta shiga ta roƙe shi ko zai sauke ƙofar na ɗan lokaci a ɗauki hoto. Ya amsa ba tare da ya ɗago ba, ta fito tana rufe baki. Ta ce, "Ya ce mai son ganin zane ya dawo bayan magariba. Yanzu yana da aiki."

Jama'a suka yi dariya, suka tafa, suka wuce ƙofa ta gaba. Na tsaya ni kaɗai da sabon batakarina. Na ɗauka zan ji haushi, na jira haushin ya zo, bai zo ba. Daɗi ne ya cika mini ciki har idona ya kawo ruwa. Sai na ga tsohon yana yafito ni ta cikin madubi.

Ya tsallake da ni layi ya zaunar da ni. Ya cire mini hula, ya taɓa gashina, ya sake taɓawa, ya yi wani dogon numfashi. Tun da yake aski bai taɓa riƙe gashin baƙar fata ba. Ya gwada mataji, mataji ya tsaya. Ya gwada almakashi, ya koma inji, ya sake komawa almakashi, abokansa na ba shi shawara daga benci, yana yi musu tsawa. Karon farko ke nan da na ji shago ya yi hayaniya irin ta gida. Ya daɗe a kaina, ya sa mini tawul mai ɗumi, ya kawo madubi ya nuna mini ƙeya. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ga wani rami bayan kunne. Na ce masa ya yi kyau, kuma na rusuna har ƙasa.

To ga amsar tambayoyinku biyu. Hoton da ke wayata na ranar buɗewa shi ne ni a kujera, an ɗaure mini zani a wuya, wani tsoho na yaƙi da kaina. Shi na nuna wa yaran gwangwani. Suka ce, Baba Sainbod, wato ka je har Japan ba wanda ya ga zanenka? Na ce an gani, waɗanda aka yi dominsu sun gani, har sun danna ƙararrawa. Sunan ma ku ci gaba da kira, ya daina yi mini ciwo.

Mai askina na Maamobi ya roƙe ni sau da yawa in zo ya gyara mini kyauta, wai ina ɓata masa suna a unguwa. Na ce ya bari sai gashin ya tofo da kansa.